Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Neman Ciyaman Da Kansila A Jihar Sakkwato: Wa Zai Yashe Mana Kwalbati?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne ku duka, masu neman kujerar ciyaman a ƙananan hukumomi 23 na jiharmu, da masu neman kansila a mazaɓu 244, ba tare da na ware wata jam'iyya ba. Ni tsohon duba-gari ne. Sama da shekara talatin na yi ina sallama a ƙofar gidajen mutane, ina leƙa randa da masai da makwarara, ina zuwa mayanka tun rana ba ta fito ba, har Allah ya kawo lokacin aje aiki. Yanzu abin da ya rage mini shi ne katin zaɓe, da jikoki waɗanda ke wasa a bakin kwata. Saboda su na ɗauki alƙalami.

Duk kakar zaɓe nakan kasa kunne in ji abin da kuke alkawari, a rediyo da wuraren taro. Ina jin babura da kekunan ɗinki, da jari ga mata, da gyaran masallatai, da tallafin azumi. Duk alheri ne, Allah ya ba da lada. Amma har yau ban ji ɗan takara ya tsaya gaban jama'a ya ce ga inda mutanen mazaɓarsa za su riƙa zubar da shara ba, ko ga watan da zai sa a yashe magudanun ruwa, ko ga yawan bayan gida da zai gina a kasuwa. Alhali wannan shi ne ainihin aikin da kuke nema. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa shi ɗaya bayan ɗaya: kwashe shara da ƙazanta, magudanun ruwa, hanyoyin cikin gari, bayan gida na jama'a, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu. Ba a ɗora wa Abuja waɗannan ba, ku aka ɗora wa. Wanda ya nemi kujerar ciyaman bai shirya wa shara ba, kamar wanda ya nemi limanci ne bai shirya wa asuba ba.

Bari in ba ku labarin wani dare a unguwarmu, cikin watan Agusta, shekarun baya kaɗan. Ruwa ya sauko bayan isha'i. Ba wani ruwan a-zo-a-gani ba ne, mun sha ganin wanda ya fi shi. Kafin sha biyun dare ya cika lungu, ya shigo zaure, ya fara taɓa bakin ɗakuna. Maƙwabciyata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyar, ita ce gidanta ke gangare. Muna cikin kwarfe ruwa da bokitai muka ji rugugin katangarta ta ƙasa. Allah ya tsare, ta riga ta fitar da yaran, amma tumakinta biyu da buhun geron da ta aje suka tafi. Samarin unguwa suka ɗauki tocila da manjagara suka nufi kwalbatin da ke bakin hanya, ni ma na bi su. Da idona na ga abin da suka jawo daga ciki: ledar fiya wata ba iyaka, robobin lemo, yagaggen gidan sauro, rabin katifa, kunzugun jarirai, da mushen akuya. Suna buɗe bakin kwalbatin ruwan ya ja da ƙarfi, kafin kiran sallar farko lungu ya tsane. Ashe ruwan bai fi ƙarfin kwalbatin ba. Hanya aka toshe masa.

Kafin waccan damina sau biyu muka kai takarda sakatariya, da sa hannun mai unguwa da liman. Amsar da muka samu ita ce ba a sako kuɗi ba. Kwana huɗu bayan katanga ta faɗi sai ga mota da tabarmi da barguna da shinkafa, da mai ɗaukar hoto. Baiwar Allah ta karɓa ta yi godiya, don tana bukata. Ni kuwa na tsaya ina lissafi a zuci: kuɗin wannan kaya da man motar da ta kawo su, da an ba leburori goma a watan Mayu, da katangarta na nan tsaye.

Akwai kuma abin da ya biyo baya, wanda ya fi damuna. Tarin dattin da samarin suka fitar an bar shi nan bakin kwalbati. Ya sha rana, kaji suka tone shi, ruwa na gaba ya mayar da shi inda ya fito. Duk wanda ke zaune cikin garin Sakkwato ya san wannan, mutanen Mabera ma sun fi kowa sani. Ana yin aikin gayya ranar Asabar, a yashe kwata, a jibge a gefen hanya, babu motar da za ta kwashe. Shi ya sa nake roƙonku, idan za ku yi maganar magudanun ruwa, ku yi ta da wata da rana. Ku ce yasa za ta fara a Afrilu ta ƙare kafin ruwan farko, kuma abin da aka fitar a ranar za a kwashe shi. Ku ce leburori nawa za ku ɗauka, albashinsu nawa, wa zai duba su. Lungunan tsohon gari babbar mota ba ta shiga, don haka kura da amalanke da keke mai ƙafa uku ake bukata, ba wata tifa da za a saya da tsada ta lalace a harabar sakatariya ba. A cikin birni akwai hukumar jiha da ke kama wani ɓangare na aikin, na sani. To a Gwadabawa fa, da Tambuwal, da Bodinga, da Isa? Can in ƙaramar hukuma ba ta yi ba, babu mai yi.

Mu ma jama'a muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Hadari na haɗowa za ka ga an ba yaro kwandon shara an ce ya juye a kwata, ruwa ya tafi da shi. Na sha yin faɗa a kan haka har muryata ta dushe. Amma wata tsohuwa ta taɓa ba ni amsar da har yau ban manta ba. Ta ce: "Malam, to ina kaka so in kai ta? Nuna min wuri." Ban iya nuna mata ba. Filin da yake juji a da an yanka shi an sayar, an gina shaguna. Ku fara ba kowace mazaɓa wurin zuba shara sananne, wanda ake kwashewa a kan lokaci. Bayan nan ku dawo da duba-gari da ƙarfinsa, ku ɗauki matasan da suka karanci kiwon lafiyar muhalli suna zaune babu aiki, ku ci tarar wanda ya ƙi ji. Tara kafin wuri zalunci ne.

Sharar garin nan a da dukiya ce. Muna yara jakai ke fita da ita a mangala zuwa gonaki da fadamu, manomi har biya yake yi, don toka ce da kashin dabbobi da dusa. Leda ce ta ɓata wannan ciniki. Yau in ka zuba sharar gari a gona, shekara biyar kana tsintar leda a bakin garma. Mahauta kuma su ba ku labari. Sau da yawa na tsaya a mayanka aka farke tumbin saniya ko akuya aka fitar da dunƙulen leda kamar ƙwallo, dabba ta rame mai ita yana ta sayen magani bai san dalili ba. Jar akuyar Sakkwato da duniya ta san fatarta, ita ce ke kiwo a kan bola. 'Yan bola-jari sun riga sun nuna mana roba da ƙarfe suna da kasuwa. Ciyaman mai hankali zai yi musu rajista, ya ba su fili da safar hannu da takalma, ya haɗa su da masu saye, a ware leda gefe, sauran ya koma taki.

Batun bayan gida ba na son in tsawaita, don kunya. Amma kowace ranar kasuwa ma'aikatanku na yanka wa mai tumatir da mai albasa rasit, daga Illela har Achida. Mutum ya wuni a kasuwa tun safe, in ya matsu sai bayan katanga ko gindin itace. Daga nan ruwa ya wanke zuwa rijiya da tafki. A 2021 amai da gudawa ya kashe mutum sama da 3,000 a Najeriya, kuma jiharmu na cikin waɗanda suka ji jiki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu game da abu biyu masu jawo tsinuwa, wato yin bayan gida a kan hanyar mutane ko a inuwarsu. Jigawa, wadda ba ta fi mu arziki ba, an ayyana ta a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta rabu da bahaya a fili, kuma ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma aka bi har aka kai. Kuɗin rasit ɗin kasuwa ya koma kasuwa: masai mai ruwa, ɓangaren mata daban, da mai gadi da ake biya.

Haka rijiyoyin burtsatse. Kafin ku yi alkawarin haƙa sabuwa, ku zaga ku ƙirga waɗanda suka mutu a mazaɓunku. Da yawa abin da ya kashe su bai wuce famfo ko waya ko farantin sola da aka sace ba. Gyara ba ya da bikin buɗewa, shi ya sa ba a son shi, amma shi ke sauke wa yarinya jarka daga ka.

Yanzu in zo kan itatuwa, inda zuciyata ta fi karkata. An haife ni a wani ƙauye kan hanyar Illela. A gonar mahaifina akwai gawo bakwai, ina iya nuna muku inda kowanne yake. Gawo itace ne mai abin mamaki: da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Geron da ke ƙarƙashin gawo ko makaho ya shafa ya san ya fi na sauran gona. Wata rana yayana ya ɗauki gatari zai sassabe reshe, tsohon ya daka masa tsawa: "Kai, aje gatarin ga! Gawon ga shi ka ciyad da mu." Bara na je gonar. Saura ɗaya. Bagaruwar da majema ke jima da ita, da aduwa, da kurna, da kalgo, duk sun ja baya. Iska na tasowa da bazara ta kwashi ƙasar sama, rairayi ya binne shuka, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku.

Ba na zargin matar da ke girki da ice, ko wanda ya koma gawayi bayan an cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, har da gas. Tuwo sai da wuta. Tambayata ita ce me ƙaramar hukuma ta tanada a madadin abin da ake sarewa. Abin da muka saba gani shi ne bikin dashen itace a watan Agusta. A jera dogon yaro a bakin hanya, manya su zuba ruwa da buta, a tafa, a watse. Babu shinge, babu mai ban ruwa. Kafin Nuwamba awaki sun gama da su. Ɗan takarar da ya ce zai dasa dubu goma, ku tambaye shi nawa za su kai Afrilu da rai, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma wa zai shayar da su. Itace ɗari da aka damƙa wa makarantu da masallatai da masu shaguna, kowanne da mai kula da shi da ɗan abin hasafi, ya fi dubu goma na ranar biki.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi, kuma ba daga Turai ta zo ba. Tsallaken iyaka ne, wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi. Tun shekarun 1980 manoman can suka kama abin da suke kira sassaben zamani. In an zo sharar gona ba a tumɓuke kututture, ba a ƙone shi. Sai a duba tohon da ya fito, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su. Saiwar na nan da rai a ƙasa tun tuni, don haka ba ya bukatar ban ruwa. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da ya sa ta karɓu shi ne manomi ya tabbata itacen da ya yi renonsa nasa ne, zai sassabi reshe ya yi girki ko ya sayar, malamin daji ba zai kama shi ba. Wannan kuwa abu ne da majalisar kansiloli za ta iya yi da dokar cikin gida, tare da uwayen ƙasa da hakimai. Daga Illela zuwa Ƙonni taku kaɗan ne, daga Sabon Birni zuwa ƙasar Maraɗi ma haka. Ku ɗauki manoma da malaman gona ku kai su su gani da ido. Gani ya kori ji.

Jiharmu na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya ratsa, kuma tana cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja. Waɗannan ba kuɗinku ba ne, amma a ƙasarku ake aikin. Ya kamata kowane ɗan takara ya san me aka yi a yankinsa da sunan waɗannan shirye-shirye, ina gandun yake, wa ke gadinsa, rijiyarsa na aiki ko ta tsaya. In masu shiri suka naɗe tabarmarsu suka tafi, hannunku za a bar wa.

Na san abin da ɗan'uwana na Isa ko Sabon Birni ko Tangaza zai ce: Malam, mu da ba mu kwana da ido biyu rufe, kana yi mana zancen gawo? Gaskiyarsa, rai ne gaba da komai, kuma ina roƙon Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ba zan ce rashin itace ne ya kawo 'yan bindiga ba. Amma duk dattijon karkara ya san yadda aka yi ta cinye burtali da labi da mashaya ana mayar da su gonaki, sau da yawa da sa hannun masu iko, har makiyayi ya rasa inda zai bi da shanunsa ba tare da ya shiga amfanin wani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar filayen karkara, na noma da na kiwo. Wannan alƙalami a hannunku zai kasance. Ku shata burtalan da suka rage, ku kafa musu alama, kada ku sa hannu a sayar da ko taku ɗaya. Sannan dubban mutanen da rashin tsaro ya koro zuwa garuruwa suna zaune a makarantu da kangwaye, rijiya ɗaya da masai ɗaya. In ba a kula da su ba, daga nan annoba ke tashi.

Da wannan alƙalamin ne kuma ake cike tafki da kududdufi a yanka filaye. Kakanninmu da suka bar waɗannan wurare ba wauta suka yi ba, masaukin ruwa ne. In ka gina gida a masaukinsa, zai zo ya kwana a ɗakin maƙwabcinka.

Gulbin Rima ya koya mana darasi sau biyu. A Satumban 2010 ambaliya ta shafe ƙauyuka da gonaki daga Goronyo zuwa ƙasa, ta karya gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗalibai da malamai suka koma shiga kwalekwale. A 2018 kuma madatsar Goronyo ta janye har saura kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka, birnin Sakkwato ya shiga ƙishirwa, masu noman rani suka yi asara. Madatsa ta gwamnatin tarayya ce, ciyaman ba shi da ikon buɗe ta ko yashe ta. Amma kowace shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina tun kafin ruwa ya sauka, hukumar kula da koguna ma na fitar da jerin wuraren da ambaliya ke barazana. Wannan bayani galibi a takarda yake tsayawa, a ofis. Mai shinkafa a fadamar Wurno da mai albasa a Gada da Kware ba ya jin sa sai ruwa ya iso. Aikin kansila ne ya kai shi ga hakimi da liman da mai shela, da Hausa da Fulfulde, a faɗa a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, kuma a san tudun da za a kai mutane tun kafin a bukace shi.

Za ku ce kuɗi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kawai za su riƙe su. Na san aiwatarwar na tafiyar hawainiya, na kuma san ciyaman ba shi da cikakken 'yanci kamar yadda takarda ta ce. Duk da haka, abubuwan da na ambata ba su ne masu cin kuɗi ba. Shebur da kura da albashin lebura ba su kai kuɗin ayarin motocin rakiya ba. Ko nawa ne ya shigo, ku rubuta shi ku liƙa a allon sakatariya da ƙofar uban ƙasa duk wata, da boko da ajami, a ga nawa aka ware wa shara da magudanun ruwa da itatuwa. In an hana ku kuɗin, mu sani, mu taya ku kuka. In kun samu kun karkatar, shi ma mu sani.

Kalma ɗaya ga shugabannin jam'iyyu, tunda kowa ya san a zaɓen ƙananan hukumomi wanda jam'iyya mai mulkin jiha ta tsayar shi ne galibi ke hawa. Ashe nauyin na wuyanku tun ranar fitar da ɗan takara. Ku ba mu wanda ke kwana cikinmu, wanda in ruwa ya shiga lungu takalminsa zai jiƙe. Amana ce, kuma za a tambaye ku.

Ni da samarin unguwarmu mun sa ranar Asabar ta farkon watan Mayu don yashe kwalbatin nan, kamar yadda muke yi duk shekara tun daren da katanga ta faɗi. Muna da shebur shida da manjagara huɗu, kura ɗaya muke haya. Abin da ba mu da shi shi ne motar da za ta kwashe abin da muka fitar, da wurin da za a kai shi. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a ƙofar gidana, wannan zan fara tambayarsa, kuma zan roƙe shi ya rubuta amsar a takarda ya sa hannu, in ba liman ya aje.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon duba-gari,
Sakkwato.